Zauren Anti: Mijina ya ce takarduna a hannunsa suke, in na yi magana zai sa a maida ni gida

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan watan saƙonnin da suka taru kusan duk magana ɗaya ce, 'yan uwanmu da aure ya kai Amurka da Ingila, zama ya ƙi daɗi, ana duka ana zagi, kuma an ɗaure musu baki da maganar takardu. Na cire sunaye da duk abin da zai sa a gane mutum. Ni ba lauya ba ce, hanya nake nunawa dan in kin je gaban lauya ki san me zaki tambaya.

TAMBAYA: Anti dan Allah ki taimaka min da shawara. An ɗaura mana aure a Kano, shi ɗan ƙasa ne a Amurka ya daɗe da samun fasfo, na zo da bizar ziyara yace in na iso zai cike min takardu, yanzu shekara uku kenan bizata ta mutu tuntuni. Ya taɓa cikewa sai muka yi faɗa ya rubuta musu ya janye. Fasfo ɗina yana wajensa, baya bari na fita ko masallaci, wayata ma sai ya duba, ya mare ni ba sau ɗaya ba har da ina da ciki, kullum maganarsa in na kira 'yan sanda ni za a kama a sa a jirgi kuma ɗana ya zauna tunda nan aka haife shi. A gida kowa haƙuri yake ce min. Wallahi na gaji amma ina tsoro. Daga ƙanwarki a Bronx.

AMSA: Ƙanwata Allah ya kawo miki mafita, kuma ki saurare ni da kyau, abin da yake faɗa miki ba haka dokar take ba. Tun 1994 zamanin Bill Clinton majalisar Amurka ta yi doka da ake kira VAWA, wato dokar hana cin zarafin mata, kuma wani sashe nata an yi shi ne takanas saboda irin halin da kike ciki, saboda sun lura maza da yawa suna riƙe takardun matansu kamar linzami, su ja in sun so su saki in sun so. Dokar ta ce matar ɗan ƙasa ko matar mai girin kad (katin zaman dindindin) da ake cutarwa tana iya nema wa kanta zama, ba da sa hannun mijin ba, ba ma da saninsa ba. Fom ɗin sunansa I-360, hukumar shige da fice ta USCIS ake aika wa, kuma ba a biyan kuɗin fom in ta wannan hanyar ce. Mutuwar bizarki bata hana ki, har wacce ta shigo ba ta ƙofa ba tana iya nema.

Abin da zasu so su gani shi ne, aure ne na gaskiya ba na takarda ba, kin zauna da shi gida ɗaya, shi ɗan ƙasa ne ko mai girin kad, ya dake ki ko ya gallaza miki gallazawa mai tsanani, sannan ke kanki mutuniyar kirki ce baki da wani mugun laifi. Wannan gallazawar ina so ki riƙe ta, dan matanmu da yawa suna cewa ai ni bai taɓa fasa min baki ba to ban cancanta ba. A'a. Ƙwace fasfo, kulle ki a gida, hana ki kuɗi da waya, tsoratar da ke da kora ko da raba ki da ɗanki, tilasta miki kwanciya, duk ana lissafa su in aka haɗa aka ga tsari ne na danne mutum. Ke kuma naki har da mari da ciki.

Sai maganar shaida, nan ne mutane ke karaya. Dokar ta ce su karɓi duk shaidar da hankali zai yarda da ita, ba dole sai rahoton 'yan sanda ba, in akwai dai ya ƙara ƙarfi. Babbar shaida ita ce labarinki da zaki rubuta da bakinki ki sa hannu, tun daga yadda kuka haɗu, wa ya je neman auren, nawa sadaki, ina aka ɗaura, yaushe abu ya fara lalacewa, ranar da ya mare ki me ya faru kafin nan me ya faru bayan nan, a wane ɗaki, wa ya ji. Kar ki ji kunyar kawo ƙananan abubuwa, su ne ke nuna gaskiya. Sannan takardar aure, hotunan biki da na suna, takardar haihuwar yaron da sunanku ku biyu, duk wata wasiƙa da ta zo gidan da sunanki ko ta asibiti ce, saƙonnin WhatsApp da muryoyin da yake turo miki yana zagi ko barazana, ki tura su wani imel da bai sani ba sannan ki goge alamar turawar. In da Hausa suke sai an fassara zuwa turanci mai fassarar ya sa hannu. Maƙwabciya ko ƙawa da ta ga kumburin fuskarki tana iya rubuta abin da ta gani. Ita kanta takardar da ya cike ya janye shaida ce, tana nan a fayil ɗinsu. Kuma in kin je asibiti nan gaba kar ki ce faɗuwa kika yi, ki faɗa wa likita gaskiya ya rubuta.

Zai sani? Akwai dokar sirri mai ƙarfi a kan wannan, an hana ma'aikatan shige da fice faɗa masa komai ko da ya kira ya tambaya, kuma an hana su yanke miki hukunci da maganarsa shi kaɗai. A fom ɗin akwai wajen sa adireshin da kika aminta da shi, ki sa na lauya ko na ƙungiyar da ke taimaka miki, kar ki kuskura ki sa na gidan. Tunda shi ɗan ƙasa ne kina iya haɗa I-360 da fom ɗin girin kad wato I-485 lokaci guda, daga nan ki nemi takardar izinin aiki kina jira. Jiran yana da tsawo, ana kwashe shekaru, bazan ɓoye miki ba, amma jira da izinin aiki a hannu ba ɗaya yake da zaman da kike yi yanzu ba.

Masu cewa haƙuri kuma, na san da yawansu da kyakkyawar niyya suke faɗa, uwa tana Kano bata ga abin da ake miki ba, abin da ta sani 'yarta tana Amurka. Amma ki gane wannan fom ɗin ba ƙarar mijinki ba ne, ba a kama kowa saboda shi, ba kuma saki ba ne, kina iya cikewa kina cikin gidan da aurenki. Alƙur'ani ma a Baƙara cewa ya yi a riƙe da alheri ko a saki da kyautatawa, ya kuma hana a riƙe mace dan a cutar da ita. Maganar ɗanki kotun iyali ce ke yanke ta, tana duba abin da ya fi wa yaro, rashin takarda shi kaɗai baya ƙwace wa uwa ɗanta. In ya sake ɗaga hannu ki kira 911. In kina son wanda zai haɗa ki da gidan fakewa da lauyan kyauta ki kira 1-800-799-7233, dare da rana suna ɗauka, ki ce musu kina son tafinta, amma da wayar da baya dubawa.

TAMBAYA: Anti ni ya cike min na samu girin kad amma na shekara biyu ne, saura wata biyar ya ƙare, na gudu daga gidan saboda duka ina wajen wata 'yar garinmu, yanzu yace bazai sa hannu a sabunta ba sai na dawo na durƙusa. Daga Greensboro.

AMSA: Kar ki koma saboda sa hannu. Kati na shekara biyu ana bayarwa ne in auren bai kai shekara biyu ba ranar da aka baki zama, kuma a ƙa'ida miji da mata ke cike I-751 tare cikin kwana 90 na ƙarshe. Amma a cikin fom ɗin nan ɗaya akwai wajen da zaki ce a ɗauke miki sharaɗin sa hannunsa saboda duka ko gallazawa, ke kaɗai zaki cike, baki buƙatar jiran saki kuma baki buƙatar jiran kwana 90 ɗin. Shaidun irin waɗanda na lissafa wa ta Bronx ne. In sun karɓa zasu aiko miki da rasit da ke tsawaita katin, ki adana shi tare da tsohon katin dan shi zaki nuna a wajen aiki. Abu ɗaya kar ki bari katin ya mutu kina zaune, ki fara neman lauya wannan satin.

TAMBAYA: Salam Anti. Ni 'yar Kumasi ce, a masallaci aka ɗaura mana aure a nan New York, bamu je ofis mun yi rajista ba. Yana da uwargida wacce ya kawo da takarda, na sani tun farko, ni ce ta biyu. Yana da girin kad. Yanzu duka ne ba dare ba rana har ya taɓa shaƙe ni na suma, wata ta ce min in yi VAWA. Zai yiwu?

AMSA: 'Yar uwa kafin komai, shaƙewar nan ta tsorata ni, masu aiki da matan da ake duka suna ɗaukar ta alamar hatsari mafi girma, namijin da ya kai hannu wuya yana iya kisa. Ki nemi wajen fakewa tun kafin maganar takarda.

A kan VAWA gaskiya zan faɗa miki ko da ba daɗi. Rashin rajista shi kaɗai ba lallai ya kashe aure ba, jihohi sun bambanta, a New York auren da limami ya ɗaura yana iya tsayawa ko ba lasisi. Matsalar ita ce uwargidan. Dokar Amurka mata ɗaya ta sani, aure na biyu a kan na farko bata lissafa shi aure, ko da a wajen Allah halal ne ba wanda ya ce ba haka ba. A shekarar 2000 an gyara dokar aka shigar da macen da aka yaudara, wato aka yi bikin ɗaurin aure ita tana ganin ita kaɗai ce ashe yana da wata ya ɓoye, wannan tana iya nema. Ke kin sani tun farko, dan haka wannan ƙofar da wuya ta buɗe miki, kuma ina roƙonki kar wani ya ce ki rubuta baki sani ba. Ƙarya a takardun shige da fice tana iya rufe wa mutum hanya har abada, ga mutanen da suka halarci ɗaurin auren duk sun san gaskiya.

Hanyar da ta fi kama da taki ita ce bizar U, ita ma a 2000 aka ƙirƙiro ta, ta waɗanda aka yi wa manyan laifuka a cikin Amurka suka kuma taimaka wa hukuma wajen bincike, dukan cikin gida yana cikin jerin. Ita bata damu da ko auren yana da rajista ba ko mai laifin yana da takarda ko babu. Amma dole sai an kai maganar ga hukuma, dan sai 'yan sanda ko mai gabatar da ƙara ko alƙali ya sa hannu a wata takarda da ake haɗawa da fom I-918 cewa kin ba da haɗin kai, kuma sa hannun wata shida yake yi, in baki aika ba cikin wannan lokacin sai an sake. Guda 10,000 kawai ake bayarwa a shekara shi ya sa layin ya yi tsawo sosai, shekaru masu yawa, sai dai tun 2021 suna duba fayil in sun ga na gaskiya ne su ba da izinin aiki tun ana jira. In an samu bizar shekara huɗu take yi, bayan shekara uku a cikinta a nemi girin kad. Na san abin da za a ce a unguwa, ta kai musulmi ɗan'uwanta wajen 'yan sanda, ta tona asirin gida. Wanda ya shaƙe ki har kika suma shi ya tona.

Bari in ƙara da wannan tunda muna wajen, yaran da ake ɗaukowa daga gida da sunan riƙo ko aikin gida a ƙwace fasfonsu a sa su bauta ba albashi, su tasu bizar T ce, fom I-914, in kun san wata a irin wannan hali ku gaya mata.

TAMBAYA: Anti ni namiji ne, matata 'yar ƙasa ce, tana jifana da abin da ta samu, ta ƙona min kaya, tana cewa zata kira imigireshan. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa. Dokar nan ta mata ce kaɗai?

AMSA: Malam sunan dokar ne kawai ya ambaci mata, maza ma suna nema da fom ɗaya da sharuɗɗa ɗaya. Haka 'ya'yan da uba ko uwa mai takarda ke cutarwa, da iyayen da ɗansu ɗan ƙasa mai shekara 21 ko fiye yake wulaƙantawa. Ka fara ɗaukar hoton kayan da raunukan, ka je ka ga lauya, ba abin kunya a ciki.

TAMBAYA: Ya sake ni ta saƙon waya wata takwas da suka wuce, na gama idda, na aika I-360 ina jira. Yanzu wani mutumin kirki ya fito yana so a ɗaura kafin azumi. Iyayena sun matsa. Me kike gani?

AMSA: Ki dakata ƙanwata, wannan wajen ya kayar da mata da yawa. In kika yi sabon aure kafin a amince da I-360 ɗinki takardar ta mutu, haka dokar ta ce ƙarara, bayan an amince kuwa kina iya aurenki ba abin da zai taɓa ta. Na biyu, sakin waya ya raba ku a addini amma a idon dokar Amurka har yanzu ke matarsa ce sai kotu ta raba, in kika ɗaura wani a haka kin jawo wa kanki wata rigimar ta aure kan aure. Ki nemi sakin kotu tukunna. Ga sauran masu karatu da basu riga sun aika ba, in kotu ta raba aure shekara biyu kacal gare ku daga ranar ku aika I-360, kuma ku nuna rabuwar tana da nasaba da cutarwar, in ya wuce shikenan. In kuma kun ji ya je gida ya karɓo takardar saki a kotun shari'a ku kai wa lauya ita da wuri ya duba daga yaushe lissafin ya fara. Shi manemin ki zaunar da shi ki yi masa bayani, su Baba ma a samu wani babba da suke jin maganarsa ya fahimtar da su.

TAMBAYA: Anti mijina ɗan ƙasa ne a Ingila, na je da bizar aure muna Manchester, bayan wahala iri iri yace mu zo gida hutu, muna isowa Kaduna ya ɗauke fasfona ya koma shi kaɗai da 'yata. Shekara ɗaya kenan ban ganta ba.

AMSA: Innalillahi. Wannan muguntar ta yi yawa har gwamnatin Ingila ta sa mata suna a doka, kuma tun ƙarshen Janairun 2024 macen da ta je da bizar aure aka yaudare ta aka yasar a wata ƙasa tana iya neman zaman dindindin daga inda take, ba sai tana cikin Ingila ba, saboda sun ɗauki yasarwar kanta a matsayin cutarwa. Ki yi sabon fasfo, ki tattara duk abin da ke nuna kin zauna can da yadda aka dawo da ke, tikiti, saƙonni, lambar tsohuwar bizar in kina da hotonta, sannan ki nemi lauya mai rajista a Ingila wanda ya san shige da fice da kuma shari'ar yara dan maganar 'yarki kotun iyali ta can ce zata duba. Wacce bata da hali tana iya roƙon a yafe mata kuɗin fom.

Waɗanda ke cikin Ingila kuma, akwai wani rangwame da ake kira MVDAC, izinin wata uku ne da ke ba mace damar karɓar tallafin gwamnati da wajen kwana ta bar gidan, cikin wata ukun ta aika neman zaman dindindin. Amma a kula, matan ɗalibai da matan masu bizar aiki, wanda yanzu su ne da yawa cikin mutanenmu, suna iya samun wata ukun amma shi baya kai su ga zaman dindindin, kuma karɓarsa yana sauya bizar da suke kai, dan haka su ga lauya kafin su cike. Lambar taimako a can 0808 2000 247.

TAMBAYA: Alhamdulillah Anti na samu girin kad ta VAWA a 2022, tsohon mijin ɗan ƙasa ne. Yaushe zan nemi zama 'yar ƙasa? Kuma Hajiyata ba lafiya a Zariya ina so in je in yi jinya ko wata takwas ne.

AMSA: Barka 'yar uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Yawancin mutane shekara biyar suke jira, amma wacce ta samu kati ta VAWA a kan miji ɗan ƙasa shekara uku ce, kuma ba a ce sai tana tare da shi ba ko auren yana nan, kenan lokacinki ya riga ya yi. Da mai girin kad ne mijin da sai biyar. Fom ɗin N-400 ne, ana iya aikawa kwana 90 kafin cikar lokacin, kuma cikin shekara ukun sai kin yi aƙalla wata 18 da ƙafarki a cikin Amurka. Akwai gwajin turanci da na tarihi da tsarin mulki, wanda aka sabunta a Oktoban 2025, tambayoyi 128 ake karantawa, a yi miki har 20 ki ci 12, ki tabbata sabon kike bita ba tsohon mai 100 ba.

Tafiyar wata takwas ɗin ce bana so. Duk fitar da ta wuce wata shida suna ɗauka kin katse zamanki sai kin kawo hujjar ba haka ba, in ta kai shekara kuwa lissafin ya rushe har katin kansa yana cikin hatsari. Ga kuma yanayin da ake ciki, a Yunin 2025 an sa Chadi da Sudan cikin ƙasashen da aka hana mutanensu shiga Amurka, a Disamba aka ƙara Nijar aka kuma taƙaita wa Najeriya, masu girin kad an ce banda su amma bincike a filin jirgi ya ƙaru kuma fayilolin 'yan waɗannan ƙasashen suna ƙara jinkiri. Wacce takardarta ke kan jira ma kar ta taka ko'ina sai lauyanta ya ce. Ke in jikin Hajiya ya matsa ki je ki yi wata biyu ko uku ki dawo, ku yi karɓa karɓa da 'yan uwanki, ki aika N-400 ɗin, in kin yi rantsuwa kin karɓi fasfo sai ki je ki zauna iya son ranki. Fasfon Najeriya bazai tafi ba, tsarin mulkin 1999 ya yarda wanda aka haifa ɗan Najeriya ya riƙe biyu. 'Ya'yanki da basu kai 18 ba masu girin kad da ke zaune a hannunki su ma ranar da kika yi rantsuwa sun zama 'yan ƙasa ba sai sun yi gwaji ba.

Wajen cikewa ki koma wa lauyan da ya yi miki VAWA ko wata ƙungiya da ma'aikatar shari'a ta amince wa wakilanta, dan a intabiyu suna iya buɗe tsohon fayil su gwada da abin da kika rubuta yanzu, kar ki ba masu cike fom a bayan shago da ke karɓar dala dubbai ba lasisi, kuma duk takardar da zaki sa wa hannu a karanta miki ita tukunna ki karɓi kwafinki.